Yadda Ake Ɗaukar Hoton Mutum Ya Fito Da Kamanninsa, Ga Ɗalibin Da Ya Koma Ƙauye Hutu

A shekarata ta biyu a makaranta aka ba mu aiki a darasin hoto: kowa ya kawo hotuna shida da za su nuna ko shi wane ne. Da na koma garinmu da ke gefen Ringim hutun ƙarshen zango, sai na zaunar da kakata, Iya, a bakin ɗakinta na ɗauke ta. Da dare na kwanta na yi ta murzar hoton a waya. Na goge tamojin goshi, na ƙara wa fatar haske, har askar da ke kumatunta ta dusashe. Gari na wayewa na kai mata ina jiran yabo. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Maigida, wannan baƙuwar kishiya ka yi mini?" Na ce, "Haba Iya, ke ce fa." Ta ce, "To ina askar gidanmu, ko ka kai ta Gujungu ka sayar?"

Na sake aikin daga tushe. Ga hanyar da na bi a karo na biyu, wadda har yanzu ita nake bi, da waya kawai, ba tare da babbar kyamara ba.

Fara da takarda da biro

Kafin ka taɓa waya, zauna ka rubuta abin da idan an cire shi daga rayuwarka ba kai ba ne kuma. Kada ka rubuta manyan kalmomi irin su al'ada ko gargajiya, domin ba su da fuskar da za a ɗauka. Rubuta abin da ido ke gani: hannun babanka da ya yi kanta saboda fartanya, allon da ka yi sauka da shi, jeren kwallar mahaifiyarka, hular da ba ka sa ta sai ranar Juma'a, keken da ya kai ka sakandare shekara shida. Daga nan ka zaɓi zare ɗaya ka riƙe. J.D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya da ya rasu a 2014, kitson mata ya sa a gaba tun daga 1968, ya tara hotuna wajen dubu, yawancinsu ta ƙeya ko ta gefe, kuma da su duniya ta san shi. Kai shida kake nema.

Akwai tarkon da ɗalibai ke faɗawa, ni ma na faɗa. Mutum ya dawo daga Dutse ko Kano da tunanin cewa hoton ƙauye dole ya nuna wahala, sai ya ce wa baffansa ya cire riga mai kyau ya sa tsumma ya saɓa garma. Wannan wasan kwaikwayo ne. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur, wanda ya zo sai ya zaɓi abin da yake so a gan shi da shi. Da na tambayi Baffa me zai riƙe, ban ji ya ambaci kayan noma ba. Ɗaki ya shiga ya fito da rediyonsa mai eriya ɗaure da waya, wadda ba ya rabuwa da ita ko a gona, ya kuma canza hula. Hoton nan ya fi duk wanda na tsara da kaina.

Neman izini

A nan ake ɓata zumunci, don haka kada ka yi gaggawa. Malamai sun yi saɓani a kan hoto, kuma a kowane gari akwai dattijon da ba ya so a ɗauke shi. In ya ce a'a, ka ce Allah ya ƙara girma, ka tashi. Kada ka laɓe ka ɗauka daga nesa. Matar aure ba a ɗaukarta sai da yardarta da sanin maigidanta, yaro kuma sai iyayensa sun sani. Budurwa ta fi kowa hatsari, domin hoto ɗaya da ya fita ya shiga hannun samari yana iya jawo maganar da za ta bi ta har ɗakin miji.

Ka faɗi gaskiyar inda hoton zai je, dalla-dalla. Wanda ya yarda malaminka ya gani bai yarda a sa shi a Facebook ko TikTok ba, waɗannan tambayoyi biyu ne daban. Ni ga yadda nake cewa: "Baffa, aikin makaranta ne. Malaminmu da 'yan ajinmu za su gani, za a kuma manna a bango kwana biyu. Ba zan sa a waya duniya ta gani ba sai kun ce in sa." In ya ce to, na rubuta a littafina abin da ya yarda da shi.

Ke kuwa ɗaliba, kina da ƙofar da mu maza ba mu da ita. Cikin gida, wajen kitso, wajen ƙunshi, tsakar gida da hantsi ana surfe, duk kina shiga ba wanda zai ɗaga kai. Sai dai amanar ta fi nauyi a kanki, tunda abin da kika gani ba na kowa ba ne. In aminiyarki ba ta son fuskarta ta fita, ɗauki tafin hannun da lalle, ko ƙeyar da kitso, sau da yawa ma sun fi fuskar magana.

Shirya wayar

Wannan minti biyu ne. Goge gilashin kyamara da gefen riga mai laushi, domin ƙurar hunturu da maiƙon yatsa su ne rabin abin da ke sa hoto ya yi dishi-dishi. Shiga saitin kyamara ka kashe biyuti gaba ɗaya, ka kashe filta, ka kashe filasha, ka cire tambarin sunan waya da ke fitowa a ƙasan hoto. Kashe lokeshin, don kada hoton ya tafi ɗauke da bayanin inda gidan mutane yake. Sa girman hoto a 4:3, shi ne ke amfani da idon kyamarar duka, wanda ke cika fuskar waya yanke gefe kawai yake yi. Kunna layukan nan da ke raba fuskar waya gida tara. Sannan ka kai wayar wurin mai caji tun da safe, kada rana ta yi daidai batir ya ce ga garinku nan.

Haske

In ka gane wannan, ka gama rabin aiki. Rana tsaka ba ta hoton fuska: tana sa ramin ido ya yi baƙi, goshi ya yi ƙyalli, mutum ya runtse ido kamar mai jin haushi. Lokacinka biyu ne, daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar zuwa gab da magariba. Ranar da hazo ya rufe gari kuwa kyauta ce, domin ƙurar tana tace rana ta zama mai laushi, kana iya aiki kusan yini guda, illa dai launi yakan yi fari-fari, wanda za ka gyara daga baya.

Wurin da ya fi ko'ina a ƙauye shi ne bakin zaure. Zaunar da mutum daga ciki, taku ɗaya ko biyu daga ƙofa, ya ɗan karkata yadda hasken zai sauka a gefen fuskarsa. Kai kuma ka tsaya daga gefen ƙofar, kada ka tare hasken. Bayansa zai yi duhu da kansa, fuskar ta fito, ka ga ɗan ɗigon haske a ƙwayar ido. Abin da masu ɗakin hoto na birni ke sayen fitilu masu tsada su ƙirƙira ke nan, kai kakanka ya gina maka shi da tubali. In ɗaya gefen fuskar ya yi duhu da yawa, kira ƙaninka ya riƙe farin zani ko farin kwali daga can gefen, ya mayar da hasken. Tiren silba ma yana yi, amma yana kashe ido, a nisanta shi.

Ka kiyayi inuwar darbejiya da rana, tana zuba wa fuska dabbare-dabbare. Ka kiyayi rumfar leda ko tamfol mai launi, shuɗi zai mai da mutum kamar mara lafiya. Kada kuma ka sa mutum ya juya wa rana ko sararin sama baya alhali ba ka san abin da kake yi ba.

Ga matsalar da ta fi damun mu masu duhun fata da son fararen kaya. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ta nemi tsaka-tsaki. In dattijo ya sha farar babbar riga, sai ta ga fari ya yi yawa, ta rage hasken duka, fuskar ta nutse. Maganinsa: taɓa fuskar a jikin wayar, ka danne na ɗan lokaci har ta kulle, sannan ka ja alamar ranar nan da ta bayyana sama kaɗan-kaɗan, har ka ga fatar ta yi daidai da yadda idonka ke ganinta. Tsaya kafin aikin wuyan rigar ya ɓace cikin fari. In dole ɗaya ya ɗan yi duhu, gara fuskar, domin duhu ana iya ɗago shi wajen gyara, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan.

Wannan matsala tsohuwa ce. A shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi, don haka fatar da ba irin tata ba sai yadda ta fito. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, sun yi kasuwa a Afirka har da dalilin cewa an saita kyamararsu don baƙar fata. Duk da haka kowace waya da halinta, wata tana ja wajen fari, wata wajen ja. Ɗauki bayan hannunka a inuwa, ka kwatanta da hannun na gaske, za ka san halin taka.

Abin da ke bayan mutum

Katangar ƙasa, zana, jikin rumbu, tabarmar kaba da aka rataye, ko zanin atamfa da yara biyu suka riƙe, duk suna yi. Keïta ma da mayafin gadonsa ya fara. Matso da mutum gaba kamar taku uku daga bangon, don inuwarsa kada ta manne masa. Kafin ka danna, bi kusurwa huɗu da ido: baƙar leda, igiyar shanya, bokitin roba, turken da ya tsiro daga tsakiyar hula. Ɗauke su da hannu yanzu ya fi goge su da yatsa daga baya. Amma ka yi hankali da abin da kake kira datti. Na taɓa kawar da butar Malam daga gefen buzunsa don hoto ya yi tsaf, sai wurin ya zama kamar ba nasa ba, na mayar da ita.

Ɗaukar hoton

Kada ka kai waya kusa da fuska. Idon kyamarar waya mai faɗi ne, in ka matso sai hanci ya kumbura kunnuwa su gudu baya, abin da ke sa selfi ya canza wa mutum kama ke nan. Ja baya kamar taku uku. In wayarka tana da 2x ka yi amfani da shi, in babu ka ɗauka daga nesan ka yanke daga baya, kada ka ja zum da yatsu har hoto ya farfashe. Fotiret ɗin da ke dusar da baya yana da kyau, sai dai yakan cinye gefen gyale ko bakin hula, don haka ka ɗauki ɗaya da shi, ɗaya babu shi.

Wayar ta kasance daidai tsayin idon mutum. In yana zaune a tabarma, durƙusa, wanda dama shi ne ladabi. Ɗauka daga sama tana ƙanƙantar da babba. Sa idanunsa kusa da layin sama na layukan nan tara, kuma in za ka yanke jiki kada ka yanke a gaɓa, wato wuya ko gwiwar hannu ko wuyan hannu.

Sai babbar wahala. Mutanenmu sun saba hoto na katin zaɓe ne ko na ɗan ƙasa, da ka ɗaga waya sai a ƙame, a haɗe rai, a zuba hannuwa a cinya. Kada ka ce a yi murmushi, abin da za ka samu yaƙe ne. Ɗauki wannan ƙamammen guda biyu don hankalinsa ya kwanta, ka sauke wayar zuwa ƙirji, ka ja shi da hira. Tambayi Baffa shekarar da ruwa ya ci fadama, ko nawa ya sayi buhun taki bara, ka ga yadda fuska za ta motsa. A nan kake dannawa, sau ashirin ko talatin, ba ka sanarwa. Wanda kunya ta sa ya sunkuyar da kai, kamar matar yayanka ko surukarka, kada ka matsa sai ta kalli kyamara. Kunyar tana cikin ko ita wace ce, ɗauke ta a haka.

Hoton kanka

A cikin shidan, aƙalla ɗaya ya zama kai ne. Samuel Fosso, wanda yaƙin basasar Najeriya ya raba da gida yana yaro, ya buɗe ɗakin hoto a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 1975 yana ɗan shekara 13. In ya tashi aiki sai ya ƙarasa ragowar fim a kan kansa, yana aika wa kakarsa a Najeriya don ta ga yana nan lafiya, daga baya ya riƙa sa kaya iri-iri yana gwada zama mutane daban-daban. Kai ma kife turmi, ka jingina wayar da dutse ko kofi a kai, ka yi amfani da kyamarar baya domin ta fi ta gaba kyau. Sa ƙaninka ya tsaya inda za ka tsaya, ka kulle saitin a fuskarsa, ka sa taima daƙiƙa 10, ku yi musaya.

Abin da na yi shi ne hoto biyu a wuri ɗaya, tsayuwa ɗaya: na farko da ƙananan kayan da nake sawa a makaranta da katin ɗalibi a wuya, na biyu da rigar da nake zuwa gona. A makaranta ana ce mini ɗan ƙauye, a gida ana ce mini ɗan boko, sai na ajiye su gefe da gefe ban ce komai ba.

Gyara

Manhajar gyaran hoto ta Snapseed kyauta ce kuma tana aiki ba tare da data ba, ita nake ba da shawara. Lightroom ta waya ma tana yi. Doka ta farko, kada ka taɓa gyara a kan asalin hoto, yi kwafi. Zauna a inuwa, hasken fuskar wayar a tsakiya, domin in ka ƙure shi za ka yi ta rage wa hoto haske ba ka sani ba.

Bi wannan jeri. Fara da miƙe hoton in ya karkace, ka yanke abin da ba ya aiki. Sai launi: nemi abin da ka san fari ne, kamar rawani ko haƙori, ka daidaita ɗumi da sanyin hoton har ya zama fari na gaske, wanda bai yi shuɗi ba bai yi ruwan ɗorawa ba. Sai ka ɗago inuwa kaɗan don fuska ta fito, ka sauke wuraren da suka yi fari da yawa don aikin riga ya dawo. In fuskar kaɗai ke son haske, akwai inda ake ɗora ɗigo a wuri ɗaya a gyara nan kawai, yi amfani da shi maimakon haska hoton duka. Ƙarfin launi kuwa ka taɓa shi da tsoro, in ya yi yawa fata takan koma ja kamar manja. Bayan kowane mataki danne hoton da yatsa ka ga yadda yake tun asali. In bambancin ya ba ka mamaki, ka wuce gona da iri, koma baya.

Wajen gogewa ga ma'aunin da na samu daga Iya: abin da zai tafi da kansa cikin mako guda ana iya cire shi, kamar ƙurji, ko ƙudan da ya sauka a goshi, ko ƙura a kafaɗa. Abin da mutum zai shiga kabari da shi ba naka ba ne. Aska, bille, tabon sallah, wushirya, furfura, tamoji, jan goro a haƙori, da launin fatar da Allah ya ba shi, duk ka bar su. Askar nan ma ta kusa ƙarewa, don yanzu da wuya ka ga an yi wa jariri, ƙila fuskar kakarka ce ta ƙarshe a gidanku mai ɗauke da ita.

Manhajojin nan da ke cewa suna fito da tsohon hoto tar, ka yi hattara da su. Ba tono abin da ya ɓace suke yi ba, ƙirƙira suke yi. Na sa hoton marigayi kakana na katin haraji a ɗaya, ta ba shi idanu da haƙoran wani mutum, Baffa ya ce bai san wannan ba. In kana son tsohon hoto a aikinka, shimfiɗa shi a inuwa ka ɗauke shi yadda yake, da karyewarsa da cin gararsa.

Baƙi-da-fari yana fito da tamoji da aska da saƙar hula sosai, amma yana kashe jan lalle da shuɗin baba mai ƙyallin nan irin na marinar Kura. Zaɓi ɗaya, baƙi-da-fari ko mai launi, ka yi wa hotuna shidan duka, kada ka gauraya. In kana son haɗa hoto biyu a ɗaya, misali fuskarka da rubutun allonka, Snapseed tana da wurin ɗora hoto kan hoto a rage kaurin na sama. Sau ɗaya ya isa, kuma ka faɗa a rubutun ƙasa cewa haɗi ne.

Jerawa da mayarwa

Zaɓi shidan, ka jera su yadda wanda bai san ka ba zai bi. A ƙarƙashin kowanne rubuta layi ɗaya ko biyu, kuma maganar mai hoton ta fi taka: abin da ya faɗa lokacin hirar nan, da wurin, da watan. Suna kuwa sai in ya yarda.

In za ka tura ta WhatsApp, tura a matsayin dokumen, in ba haka ba za ta matse hoton ya rasa kyau. Ajiye asalin a wuri biyu, memori da kuma imel ko kwamfutar wani, domin waya tana faɗawa rijiya. Wajen wankewa, inci 5 da 7 ya isa bango, kuma ka tsaya a kan mai shagon ka ce kada ya taɓa fuskar, don hannunsu ya saba da farantawa, kafin ka ƙifta ido ya mai da Baffa ɗan Indiya.

Ka wanke biyu-biyu, ɗaya na malami, ɗaya na mai fuskar. Na kai wa Iya nata a cikin ambulan, wanda na sake ɗauka a bakin zaure da hantsi, askarta layi-layi a fili. Ta kalla, ta shafa kumatun hoton da babban yatsa, ta ce, "Tsufa dai ya zo." Sannan ta buɗe babbar kwallar da ke can ƙasan jere, inda take ajiye takardar gona, ta sa shi ta rufe.